Zan iya sauya bututun bindigar farautata zuwa .308?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne, na daɗe ina fita farauta da rani. Ina da bindigar farauta mai cin harsashin .270, lasisinta da sunana yake, kuma ina sabunta shi. Yanzu harbinta ya daina tsayawa wuri ɗaya, abokan farauta sun ce bututun ne ya cinye. Wasu sun ce tunda sauyawa zan yi, in mayar da ita .308, wai ya fi ƙarfi kuma harsashinsa ya fi samuwa. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai sako min bututun cikin kaya, wani maƙeri kuma ya ce zai ɗaura min. Shin lasisina ya ba ni wannan damar? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, amin, na gode. Lasisinka bai ba ka wannan damar ba, kuma ina roƙonka ka kira ƙanenka tun yau ka ce masa ya dakata. A ƙasar da yake zaune, zaɓen awon harsashi magana ce ta wane nama za ka harba da kuma daga wace tazara. A Najeriya, lambar awon nan da aka buga a jikin bututu, irin su .270 ko .308, wato faɗin ramin bututun a ma'aunin inci, ita ce ke raba bindigar farauta da bindigar yaƙi a idon doka.

Dokar da ke tafiyar da wannan lamari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke babi na F28 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na uku su ne irin namu na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, su adaka da bindigar toka, kuma lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kashi na biyu su ne bindigogin da mutum zai iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, nan taka take. Kashi na farko kuwa haramtattu ne, babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. A cikin wannan kashi na farko dokar ta ambaci bindigogin soja, sannan ta fayyace su da awo: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Da ta zo kan bindigar farauta sai ta ce ita ce wadda awonta ba ya cikin waɗannan huɗun. Ka ga ba ta duba ƙirar ƙota ko niyyar mai riƙewa ba, awo kawai ta duba.

To shi .308 ɗin da aka ba ka shawara, wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1952, ɗan'uwan harsashin soja ne na ƙungiyar NATO, wato 7.62 mai kwanso milimita 51. Faɗin ramin bututunsu ɗaya ne. Haka ma .30-06, shi ma 7.62 ne idan an auna shi da milimita. Ranar da aka kai bindigarka gaban masanin makamai na 'yan sanda ya auna bututun, abin da zai rubuta a rahotonsa ke nan. Lauya zai iya tsayawa ya ce ai wannan ta farauta ce ba ta soja ba, amma ni ba zan so in kare ka da wannan hujjar ba, domin lafazin dokar ya fi karkata ga mai gabatar da ƙara. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba tare da lasisi ba, a sashe na 27, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ita ma dokar fashi da makami tana da nata sashen kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana yawan gurfanar da mutane a ƙarƙashinsa ko da ba su taɓa kowa ba.

Maganar cewa harsashin ya fi samuwa ta fi komai tayar min da hankali. Ka tambayi kanka daga ina yake fitowa. Lasisinka harsashin bindigar da aka rubuta a cikinsa kaɗai ya halatta maka. Ka kwatanta an tsayar da kai a shinge a hanyar Giwa ko ta Birnin Gwari, a wannan zamani, jami'i ya buɗe jakarka ya ga harsashi mai kama da na soja, ya buɗe lasisi ya ga .270. Ba za a saurari bayanin gada da zabo a wurin ba.

Sai batun ƙanenka. A ma'anar da dokar ta bayar, kowane sashe na jikin bindiga shi ma bindiga ne. Bututu shi kaɗai, ba ƙota ba kunama, a naɗe cikin tufafi a akwati, bindiga ce a wurin kwastam. Shigo da shi sai da izinin shigo da makami da aka samu tun kafin ya taso, a kuma bayyana shi a tashar da aka amince. Idan aka kama shi a filin jirgin Kano ko Abuja, shi da ya ɗauko da kai da ka aika duk kun shiga.

Maƙerin ma haka. Sashe na 22 ya hana ƙera bindiga, haɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja, sai fa wanda Sufeto Janar ya ba takardar izinin gyara. Wanda ya karya wannan shi ma shekara 10 ce mafi ƙaranci. Ba raina sana'ar maƙeranmu nake yi ba, amma ɗaura bututun irin wannan bindiga aiki ne na awo mai tsanani. Idan tazarar da ke tsakanin mazaunin harsashi da makullin baya ta kuskure ko da kaurin takarda ne, kwanso na iya fashewa, kuma fuskar mai harbi ce a wajen. Kada kuma ka dogara da takardar Sarkin Baka ko katin ƙungiyar maharba. Suna da daraja a tsakaninku, amma tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Ga abin da nake ganin ya fi maka. Da farko ka tabbatar bututun ne da gaske. Bututun bindigar farauta yana ɗaukar dubban harbi kafin ya gaji, kuma maharbin da ke fita da rani kawai da wuya ya kai nan. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare makullin, ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa daga baya. Idan zanen nan da ke murɗawa a ciki yana nan da kaifinsa, wataƙila tsatsar damina ce, ko ƙurar hunturu da ta haɗu da mai, ko dattin tagulla da harsashi ke bari, ko kuma kusoshin madubin saiti ne suka saki. Wankewa da sa mai kulawa ce irin ta mai kaya, ba sai da izini ba.

Idan ya tabbata ya cinye, ka tsaya a kan .270 ɗinka. Tun 1925 ake farauta da shi, kuma ya ishi duk naman da doka ta bari a harba a dajinmu, har ya yi wa gada yawa. Idan ragewa kake so, .243 ba ya cikin awo huɗun da aka haramta, sai dai shi ma sauyi ne, dole a gyara lasisi kafin a taɓa bindigar. Ka sani kuma tun 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasisin bindiga, don haka buƙatar da ta yi kama da neman sabuwar bindiga za ta fi wuyar wucewa a kan buƙatar gyara tsohuwa.

Ka rubuta takarda zuwa ga Sufeto Janar ta hannun Kwamishinan 'yan sanda a Kaduna. Ka sa lambar lasisi, lambar bindiga, sunan kamfanin da ya ƙera ta da awonta, ka bayyana matsalar, ka nemi izinin gyara a wurin mai takardar izini ko dillalin makamai mai rajista. Ka nemi a faɗa maka a rubuce inda za ka miƙa tsohon bututun, domin ajiye shi a gida bayan an cire ajiye wata bindiga ce marar lasisi. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan amsa ta yi jinkiri, ko an ƙi, kana iya ci gaba da riƙe bindigar yadda take muddin lasisinka na aiki, ko ka kai ta ajiya a ma'ajiyar makamai ta 'yan sanda su ba ka rasit. Kafin ka miƙa takardar, ka kai wa lauya lasisin ya duba ranar ƙarewarsa da adadin harsashin da aka rubuta maka.