Amsa: me ya sa bangon Ƙofar Mata ke darewa?

Malam sannu da ƙoƙari, wallahi Ƙofar Matan Kanon nan da ka haɗa da bulon wasa na LEGO ta burge ni, musamman zankayen da ka yi a sama da ƙananan bulo masu gangare, sun fito sak irin na ginin ƙasa na cikin birni. To batun da ka tambaya, me ya sa bangon ke darewa in ka ɗaga shi, ai jerin ne matsalar, ka ɗora bulo kan bulo a miƙe tun daga ƙasa har sama, dole ya rabu mana. Yi yadda magina suke yi, kowane bulo ya hau kan biyu na ƙasansa, kuma duk bayan layi 4 ka shimfiɗa siraran bulon nan marasa kauri su ɗaure shi, 3 daga cikinsu daidai suke da tsayin bulo 1 don haka lissafinka ba zai ɓaci ba.

Ni ma haka Gidan Makaman da na yi sati biyu ina ginawa ya wargaje a kan tabarma, raina ya ɓaci sosai ranar.

Sai kala, jan nan ya yi yawa gaskiya, nemi ruwan ƙasa. Kuma jabun bulo ba sa kamawa sosai, kar ka sa su a gindin ginin.