An rage mini maki bayan hutun haihuwa, me doka ta ce?

Tambaya: Lauya, barka da aiki. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Garwa. Bayan na dawo daga hutun haihuwa, shugabanmu ya rubuta a takardar auna ƙwazo cewa "ba a samunta yadda ya kamata". Mazan da muke aiki iri ɗaya an ƙara musu matsayi da kuɗin ƙwazo, ni ko sisi. Ina da hanya, ko in haƙura?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da hanya, amma ki san ta inda za ki kama. Da wuya kotu ta saurari kukan "maki bai yi mini daɗi ba" shi kaɗai. Abin da za ki nuna shi ne makin ya taɓa aljihunki. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992, sashe na 61, ta ce idan aiki ɗaya ne kuma ƙwarewa ɗaya, albashi ɗaya ne ga mace da namiji. Sashe na 84 kuma ya ba ki hutun haihuwa na mako 14. A ganina, hutun da doka ta ba ki da hannunta, ba shugaban da zai mayar da shi laifi.

Takardu su ne ƙarfinki. Ki tattara makin shekarun baya, musamman in ana yabonki kafin ciki, da takardun albashi, da saƙonnin WhatsApp na shugaban. Ki dubi kalaman sosai: an kawo aikin da kika kasa, da rana da wata, ko kuwa halinki kawai aka taɓa? Na sha ganin an rubuta wa namiji "jajirtacce", mace mai irin halinsa a ce "tana da tsiwa". Wannan yana ci mini rai. In an miƙo miki takardar ki sa hannu, ki rubuta kusa da sunanki cewa kin gani amma ba ki amince ba.

Daga nan ki rubuta ƙorafi ga hukumar kamfani, ki riƙe kwafi mai hatimi, ki kuma sanar da wakilin ma'aikata. In shiru, sai ofishin sufeton ƙwadago na Garwa. Sashe na 139 ya wajabta a fara gwada sulhu a can. In sulhun ya ci tura, sufeton zai ba ki takardar rashin sulhu, da ita ake shiga kotu, kuma shari'ar ƙwadago ba a biyan kuɗin kotu. Haƙƙin albashi yana faɗuwa bayan shekara 3, don haka kada ki bari ya kwana.

Kada zafin zuciya ya sa ki ajiye aiki da kanki. In su suka sallame ki ba hujja, sashe na 39 ya tanadi diyyar da ba ta kasa albashin wata 3 ba, kuma su ne za su kare dalilinsu a gaban alƙali.