Yayata na shan giya a ɓoye, Mama ta ce a kulle ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Yayata shekararta 34. Aurenta ya mutu bara, ta dawo gida da goyo, har yanzu yarinyar na shan nono. Da barci ya ƙaurace mata sai wata ƙawarta ta kawo mata 'yar kwalbar bitas, wai maganin sanyi ne da ciwon mara. Yanzu kullum sai ta shanye uku ko huɗu. Da safe hannunta na rawa har shayi ya zube, sai ta kurɓa take dawowa daidai. Ni na ga kwalaben a ƙasan akwatinta, na karanta jikinsu na ga giya ce. Mama ta ce a kulle ta a ɗaki sati guda, Kawu kuma ya ce a kai ta gidan mari. Ya zan yi? Daga ƙanwarta, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, je ki roƙi Mama ta ajiye kwaɗon nan. Na san don so ta faɗa, amma kulle Yayarki sati guda na iya zama ajalinta.

Rawar hannun da kika gani ita ce ta tayar mini da hankali. Alama ce jikinta ya riga ya saba, ƙwaƙwalwarta ta koyi aiki da giya a cikin jini. In aka yanke mata lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 za ta fara gumi, tashin zuciya da bugun ƙirji. A kwana biyun farko tana iya faɗuwa tana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wasu kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu hankalinsu ke gushewa, ga zazzaɓi, suna ganin ƙwari na bin bango. Lokacin ina aikin jinya an taɓa kawo mana wata a wannan halin, danginta sun kwana biyu suna mata ruƙiyya suna cewa iska ce. Ba iska ba ce, kuma da ƙyar aka ceto ta. Ba cewa na yi ki sayo mata ba, a'a. Cewa na yi a gaban likita za ta daina, kuma cikin satin nan.

Shi kuwa Kawu, a tuna masa cikin ladabi abin da aka gani a Daura a 2019, da 'yan sanda suka buɗe irin wannan gida suka fito da mutane da mari a ƙafa. Ba wurin kai mai goyo ba ne.

Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. In kuna gudun idon sani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. Kada sunan ya tsorata Mama, zuwa can ba ya nufin ta haukace. Za su ba ta maganin kwantar da jijiyoyi irin su diazepam na 'yan kwanaki suna rage shi sannu a hankali, su haɗa mata da bitamin B1, wanda giya ke hana jiki samu, rashinsa kuma na lalata ƙwaƙwalwa. Kul kika sayo diazepam a kemis kika ba ta da kanki, haɗuwarsa da giya na iya tsayar da numfashi. Daga baya akwai magungunan rage kwaɗayin sha, kamar naltrexone, likita ne zai duba ko ya dace da ita. Ki faɗa masa gaskiyar kwalba nawa take sha, ki tafi da guda ɗaya a jaka ya gani.

A duba mata hanta, har da gwajin ciwon hanta nau'in B. Mu mata giya ta fi saurin ci mana hanta, domin ruwan jikinmu bai kai na maza ba, abin da namiji zai sha ya tsarma, a jinin mace da ƙarfinsa yake zama. Tana kuma ƙara haɗarin sankarar mama. In kika ga idonta ya yi ɗorawa, ko cikinta na kumbura, ko ta yi aman jini, ko bahayarta ta koma baƙa, kada ku jira gari ya waye. Ta rage haɗiyar farasitamol barkatai, shi ma hanta yake bi.

Sai 'yar taku. Giya na bin nono, tana ɓata barcin jariri, tana rage ruwan nonon ma. Ku ƙara wa yarinyar kunu da abinci, ku tambayi likita batun yaye, kuma daga yau ta dawo kwana wurinki ko wurin Mama. Uwar da ta sha tana iya danne ɗa cikin barci ba ta sani ba. In Allah Ya kawo wani auren, ta sani giya na ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma wannan lahanin ba ya gyaruwa.

Abin da ke ba ni haushi da waɗannan 'yan kwalabe shi ne rigar magani da aka sa musu. Macen da ko kusa da mashaya ba za ta bi ba, sai ta saka wannan a jaka hankali kwance, ga arha, ga sauƙin ɓoyewa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sanar da hana giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba a 2024, amma ga shi kin tsince su a akwatin Yayarki.

Haramcin giya ta san shi, kada ki tsaya yi mata wa'azi. A Bukhari an kawo wani sahabi da aka sha kamawa da laifin sha, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin na son Allah da ManzonSa. Ki karanta wa Mama wannan. Ita kuma ki same ta da hantsi ku biyu, bayan rawar ta lafa, ki ce: "Yaya, na ga kwalaben, ba tonon asiri ya kawo ni ba, zo in raka ki asibiti." Ki tambaye ta rashin barcin nan da kukan dare, domin mutuwar auren ce tushen, in ba a yi maganin damuwar ba za ta koma ko ta canza da kodin. In ta taɓa cewa gara ta mutu, ki faɗa wa likita a ranar. In kuma ta zame bayan wata biyu ta sake sha, hakan na faruwa, ku koma wurin likitan da katinta.