Kana son jarumai su san ka

Jiya ka tare ni a bakin ofis kana cewa, "Malam, ya zan yi manyan jarumai su san ni, su riƙa kirana lokeshin kamar yadda suke kiranka?" Ban tanka maka ba, domin tambayar ta fama min tsohon miki. Ga amsarka, ka karanta a nutse.

Ni na fara wannan sana'a ta sharhin fim tun muna bin wasan daɓe muna rubutu a kan gwiwa. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990 a kan idona. Da mujallu suka zo, Tauraruwa a Kano, Fim ta Ibrahim Sheme kuma a 1999, sai alƙalamin mai sharhi ya yi nauyi. Ku ba ku san yadda kasuwar take a wancan lokacin ba. Furodusa kwali yake bugawa, wato bangon kaset, ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su juya fim ɗin a kaset. Ribarsa a yawan kwalin da aka ɗauka take, ɗan kasuwa kuwa sai ya ji ta bakin irinmu kafin ya ce a ƙirgo masa.

Akwai wani furodusa, ba zan kama sunansa ba. Kwano ɗaya muke cin tuwo. A motarsa nake zuwa lokeshin, jaruminsa in ya gan ni har ƙasa yake gaishe ni. Lokacin fim ɗin Sangaya ya karɓu, kowa ya koma cusa waƙa a fim. Shi ma ya yi nasa, waƙa biyar, labarin ba kai ba gindi, sautin kamar daga cikin rijiya. Ya kira ni gidansa da dare ya saka min kaset ɗin gwaji. Ban kai rabi ba na san mushe ne.

Sai ya kama hannuna. Ya ce bashi ya ci, ya ce filin gadonsu ya jinginar, in fim ɗin ya faɗi ya shiga uku. Ya yi min alƙawarin naira 20,000 in kwali ya ƙare, kuma ni zan rubuta masa labarin fim na gaba. Na rubuta sharhin yabon fim ɗin, abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Bai tsaya nan ba, ya tsinci jimla ɗaya daga sharhina ya buga a fasta, da sunana ɓaro-ɓaro a ƙasa, aka manne ta ko'ina a titin Zoo Road.

Sati uku da fitowar fim, wani dattijo mai shago ya biyo ni har ofis. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, da maganarka na ɗauki kwali 500. Suna can jibge, ko kyauta ba mai so." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Wasiƙun masu karatu suka biyo baya, edita ya karɓe shafina, na yi shekara guda ina gyaran rubutun yara irinka.

Furodusan fa? Sau huɗu ina zuwa ofishinsa, yaronsa ya ce ya fita, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Ranar da na ritsa shi, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Haba Malam, ai abota ce, kuɗi kuma na mene ne a tsakaninmu?" Labarin da na kwana bakwai ina rubuta masa ya fito a fim da sunan wani. Jarumin nan mai durƙuso, da sunana ya daina amfani, ko a gidan biki muka haɗu sai ya kau da kai.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga 'yan zamaninku. Yaro ya kalli tirela ta minti biyu a YouTube, ya rubuta "fim ɗin shekara", burinsa jaruma ta ɗora shi a Instagram. Ya ɗau hoto da ita, ya ce ya zama ɗan jarida. Yaron da ya ci shinkafar lokeshin, da wane baki zai ce wasanta bai yi ba?

Yadda ake kallon fim da tsara sharhi ba sai na ɓata bakina ba, kowane gaula ya san wannan. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ka sayi tikitinka da kuɗinka, ka hau motar haya, kada ka karɓi goron kowa, kada ka karanta wa furodusa sharhi kafin ya fito. In fim na abokinka ne, miƙa wa wani ya rubuta. Sanin kuma zai zo da kansa. Waɗanda suke kirana yau, yawancinsu na taɓa kushe aikinsu, suka yi fushi, daga baya suka dawo suna neman in duba musu labari.

Ka ɗauki kashi uku na shirin da na ba ka, ka kawo min sharhi ranar Alhamis, kuma kada ka kira kowa a cikin masu shirin. Fastar nan tana cikin durowata har yau, in ka zo zan nuna maka ita.