Amsa: Daga wa masu busa ƙahon Faransa suka gaji hannunsu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sanin wa ya koyar da wa yana da amfani a tarihin busa ƙahon makaɗan Turai. Wallahi yana da shi, domin dabarar hannu ba ta shiga takarda yadda ya kamata.

A birnin Dresden na Jamus, wajen 1750, Anton Hampel ya inganta dabarar cusa hannu cikin bakin ƙaho don fitar da sautukan da ƙahon ba ya bayarwa da kansa. Almajirinsa Giovanni Punto ya yi fice har shahararren mai tsara kiɗa Beethoven ya rubuta masa kiɗa a 1800. Shi kuma Punto ya koyar da Heinrich Domnich, wanda ya zama malami a makarantar kiɗa ta Faris.

A nan ne abin ya fi burge ni. Dauprat, wani malamin ƙaho a wannan makaranta, ya koyar da almajirinsa Gallay, Gallay ya gaje kujerarsa ta koyarwa a 1842. An ƙirƙiro makullan iska, waɗanda ake dannawa da yatsu don canza sautin ƙaho, tun wajen 1814, amma malaman Faris suka riƙe ƙahon hannu, wato marar makulli, har farkon ƙarni na 20, saboda sautin da suka karɓa baki da baki daga malamansu.