Kwaɗon Kumasi da takardar Asokoro

Ɗana, tambayar da ka jefo mini a mota ranar Asabar har yanzu tana raina. Muna dawowa daga ɗaurin aure, direba ya biyo da mu ta Asokoro, ka hango tutocin hedikwatar ECOWAS, ka juyo ka ce, "Baffa, wai ina amfanin wannan gini in har ni Bakano ba zan iya kama shago a Kumasi ba? Ku da kuka shekara ɗari a can, ba za ku tsaya mana ba?" Na buɗe baki ke nan muka faɗa cunkoson AYA, Hajiya ta hau direba da faɗa a kan me ya sa ya biyo nan, magana ta bi iska. Washegari da asuba ka kama hanyar Kano. To ga ni a Kubwa gidan 'yar'uwarka, jikoki sun tafi makaranta, saura kwana huɗu in koma gida. Bari in rubuta maka, wataƙila wasu 'yan Kwari ma su amfana.

Kakana ya bar Kano da jakuna, ya bi hanyar Gwanja neman goro, ya bar ƙaninsa a gida, wato kakan mahaifinka. Salaga ce babbar kasuwar fatake a da, amma yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, mutane suka fantsama, da yawa suka gangara Kumasi bayan Turawa sun ci Asante. Haka zangonmu ya cika. Ko Alhassan Dantata da kuke alfahari da shi ya taka wannan hanya, mahaifiyarsa ma a Ankara, babban birnin Ghana, ta zauna. Ni a unguwar Aboabo ta Kumasi aka haife ni, ɗan Ghana ne ni da takardata, kuma Gananci nake yi a gida, wannan Hausar da kuke yi wa dariya don mun ce "matata ya zo". Ka yi dariyarka, mu dai muna gane juna.

Tun zamanin kakan nawa, baƙo ba ya zuwa ya baje kaya a kasuwar mutane da kansa. Yana da mai gida. A zaurenmu na tashi ina ganin yadda ake yi. Falke zai sauka da kanwa ko shanu ko tufafi, a ba shi ɗaki da tuwo, kayansa su shiga sito. Mahaifina zai aika a kira dillalai. Shi ya san Ba'asanten da ke biyan bashi da wanda sai an kai ƙara gaban sarki. In aka sayar bashi, shi ke tsayawa, in kuɗi suka maƙale wuyansa suka hau. Baƙo ya karɓi kuɗinsa, ya sari goro, mai gida ya ɗauki la'adarsa, a yi sallama sai baɗi. Da ɗan gari kan ci gari, mu ba karin magana ba ce a wurinmu, sana'a ce. Ina gaya maka wannan ne don ka gane cewa bambanta mai kawo kaya da mai zaman rumfa ya girmi kowace doka da za mu yi maganarta.

Dokar da ta tsone muku ido ita ce ta hukumar zuba jari ta Ghana, wato dokar 2013 mai lamba 865. Ta ware wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i kacokan: sayar da kaya a kasuwa ko a rumfa, talla, aski da gyaran gashi, ruwan leda, buga katin waya, littattafan rubutu na 'yan makaranta, sayar da magani ɗai-ɗai, da tasi in motocinka ba su kai 25 ba. Ta ce baƙon da ke son kafa kamfanin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan Ghana 20 aiki. In wata harkar ce ba ciniki ba, dala 500,000 in shi kaɗai ne, dala 200,000 in ya yi haɗin gwiwa da ɗan ƙasa mai aƙalla kashi 10 cikin ɗari. Ɗan ƙasar da ya ba baƙo hayar rumfa a kasuwa shi ma ya yi laifi. Ka ga ke nan abin da ka roƙa, in kama maka shago da sunana kana ciki, ni zai fara ci kafin kai.

Da wannan doka ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, GUTA, ta kafa hujja a 2019 da 2020, aka bi shagunan 'yan Najeriya ana garƙame su, a Suame cikin Kumasi inda ake sayar da kayan gyaran mota, da Circle a Ankara inda ake sayar da wayoyi. Na ga kwaɗon da idona, biyu a ƙofa ɗaya, na mai shago a ƙasa, nasu a sama, mai shagon na zaune a kan benci a waje yana kallon dukiyarsa ta ramin ƙyaure. Abin ya kai Femi Gbajabiamila, yana kakakin majalisar wakilai a lokacin, ya je Ankara a watan Satumba na 2020 don a sasanta. Ra'ayina ban ɓoye ba ko a masallacinmu: dala miliyan ga mai sayar da batirin waya kora ce da hali, kuma ɗan kasuwa ya sa wa abokin gasarsa kwaɗo da hannunsa ba bin doka ba ne.

Amma kai tambayarka a kan takarda ce, kana ganin tunda an sa hannu ai ƙofa ta buɗe. A nan ne yawancin mutane ke ruɗewa, ni ma sai da wani ɗan zangonmu da ya karanta shari'a ya zaunar da ni.

Kaya daban, mutum da jarinsa daban. Yarjejeniyar da ta sauke kuɗin fito a kan albasa ba ta ce a ba mai albasar rumfa ba. Zaman shago, banki, sufuri, asibiti, makaranta, duk waɗannan hidima ake kiransu, kuma babinsu daban ne. Ɗauki Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun 2021. Yarjejeniyarta ta hidima ta fara aiki a 1995, kuma kowace ƙasa da jadawalinta. Kamar mai gida ne da ɗan haya: ya rubuta ɗakunan da ya ba ka, ɗakin da bai rubuta ba kada ka taɓa ƙofarsa. Fannin da ƙasa ba ta sa a jadawali ba, ba ta ɗauki alkawarin buɗe shi ba. Wanda ta sa ma tana iya gindaya sharaɗi, muddin ta rubuta tun farko: kamfanonin waje nawa za su shigo, ma'aikata nawa za su kawo, kashi nawa na hannun jari baƙo zai riƙe, ko kuma dole sai da abokin tarayya ɗan ƙasa. Tana ma iya rubuta cewa a wannan gurbi ba ta ɗaure kanta ba, gobe in ta ga dama ta ƙara matsewa. An kuma raba hanyoyin kai hidima gida huɗu: ka aika da ita daga ƙasarka, ko mai buƙata ya zo ya same ka kamar masu zuwa Indiya ganin likita, ko ka je ka kafa reshe, ko kai da kanka ka je ka yi aikin. Ƙasashe kan saki na farko da na biyu, su damƙe na uku, na huɗun kuwa da haƙori suke riƙe shi. Abin da kake nema, ɗana, na uku ne da na huɗu a haɗe.

Akwai wasu yarjejeniyoyin, irin wadda ke tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, da suka juya abin: komai a buɗe yake sai wanda aka lissafa. Sai ka leƙa bayan takardar ka tarar da shafuka a jere na abubuwan da kowa ya keɓe wa kansa.

Kasuwar bai ɗaya ta Afirka, AfCFTA, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018, Najeriya ta bi sahu a Yamai a 2019, tsarin jadawalin nan ta ɗauka. Fannoni biyar aka fara da su: sufuri, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido, da hidimomin kamfanoni da ƙwararru. Zaman shago ba ya ciki. Sakatariyarta kuwa a Ankara take, garin da aka sa kwaɗon.

ECOWAS ce ta fi ba ka ƙafar tsayawa, gaskiya. Yarjejeniyar 1979 ta tsara mataki uku: shiga ba biza har kwana 90, sai izinin zama da aka ƙarasa a 1986, sai 'yancin kafa sana'a a 1990, inda aka ce a ɗauki ɗan wata ƙasar ƙungiyar kamar ɗan gida. Da wannan 'yan Najeriyar da aka rufe wa shago ke kuka, kuma kukansu na da tushe. Sai dai ita ma takardar 1990 ta bar taga: ƙasar da ba za ta iya daidaita baƙo da ɗan gida a wata sana'a ba ta sanar da sakatariya a rubuce, sauran ƙasashe su ma su rama a kan mutanenta. Sannan jami'in da ya tsaya a ƙofar shagonka dokar majalisarsa ce a hannunsa, ba takardar Asokoro ba. Ku ma haka ne, sashe na 12 na tsarin mulkinku na 1999 ya ce babu yarjejeniyar da ke zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Kuma laifi tudu ne. A Kantin Kwari kake, ka fi ni sanin abin da ake faɗa a kan 'yan China da ke zama suna yanka yadi ɗai-ɗai. A 2012 jami'an shige da fice sun kwashi wasunsu a kasuwar taku saboda wannan, ban ji ɗan Kwari ko ɗaya ya kawo maganar 'yancin ciniki ba. Gwamnatin Gowon a 1972 ta ware ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa. Dokar 2003 ta keɓe jigilar ruwa ta cikin gida ga jiragen 'yan Najeriya, ta 2010 ta fifita kamfanonin gida a harkar mai. Na yarda dokar zuba jarinku ta 1995 ta fi tamu sakin hannu, baƙo na iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari in ban da makamai da miyagun ƙwayoyi da kakin soja. Amma daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kun rufe iyakokinku na ƙasa, motocin 'yan Ghana suka yi ta jibgewa a Seme, kuma wannan haushin na cikin abin da ya ƙara wa kwaɗon Kumasi nauyi.

Ka ce ba ma tsaya muku. Ina da shekara takwas a watan Nuwamban 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Na tuna manyan motoci a bakin layinmu, an ɗaura tabarmi da tukwane a sama. Maƙwabcinmu mai sayar da nama ya ba mahaifiyata turminsa da akuya biyu, ya ce ta riƙe kafin ya dawo. Akuyoyin sun hayayyafa, shi bai dawo ba. Mu abin da ya tsayar da mu, kakata Badagomba ce haifaffiyar ƙasar. A 1983 Shagari ya rama, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma da jakar nan da har yau kuke kira da sunanmu. Duk lokacin da manya suka yi irin wannan, kan ɗan zango abin ke fara sauka. Ko da na je karɓar katin ɗan ƙasa, wani jami'i ya dubi sunana ya tambaye ni garinmu. Na ce Kumasi. Ya ce a'a, garinku na asali. Na amsa masa da Asantanci har ya ji kunya, amma na kwana da abin. Shi ya sa ba ma ara wa kowa sunanmu a kan rumfa, ko ɗan cikinmu ne. Ranar da asiri ya tonu ba za a ce wane ya yi ba, za a ce 'yan zango ne, sai Sarkin Zango da limamai su yi ta zarya fadar Manhyia, gidan sarkin Asante, suna ba da haƙuri.

Ga abin da zan iya yi maka, kuma shi muke yi wa kowa. Ka aiko da kaya da sunan kamfanina a takardar shigowa, in karɓa sari, yarana su sayar, mu yi lissafi duk ƙarshen wata. Ka lura da irin kayan. Rinin Ƙofar Mata, hula, takalmin fata da sauran aikin hannu, tsarin ECOWAS ya yafe musu kuɗin fito domin a yankin aka yi su. Shaddar da ta fito daga China ko Ostiriya kuwa, kwananta a Kwari bai mayar da ita 'yar Kano ba, kwastan za su caje ta. In kana da ƙarfin kafa ƙaramar masana'anta, ko ɗinki ne, dokar 2013 ta cire wa masu ƙera kaya da masu fitar da kaya waje sharaɗin jarin nan. Ta cire wa wanda ya shekara biyar da auren ɗan ƙasa ma, yana zaune a can. Na karanta wa Hajiya wannan layin, ta ce in gaya maka akwai 'yammata a Aboabo, amma ka fara shawara da uwargidanka.

In ka shirya zuwa, ka biyo ta Legas, Seme, Kwatano, Lome, ka shigo ta Aflao. Kada ka manta katin rigakafin shawara, ba ya cikin abin da ake yafewa. Ka ɗauko duri biyu na hula don gwaji, masu launi mai duhu sun fi tafiya wurinmu gab da Sallah. Hajiya kuma ta ce kuka da daddawa, na Kumasi ba sa yi mata.