Amsar Kawu a kan kalmar "da"

'Yata, na ga saƙonki. Da farko na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce a ajin Sifaniyanci an sa ku rubuta jimlolin abin da bai faru ba, irin su si yo fuera rica, wato da ni mai kuɗi ce, kina tambaya ko hakan bai ci karo da hana ku yawan faɗin "da" da muke yi a gida ba.

Mu a Turanci muka sha wannan darasi. Malaminmu ba ya yarda a ce If I was you, sai If I were you. Muka ce ai were ta jam'i ce, ya ce wannan ba labarin jiya take bayarwa ba, alama ce maganar ba ta auku ba. Sai da na fara koyarwa na lura ita kaɗai ta rage wa Turanci a fili daga tsohon tsarinsa na faɗin abin da bai faru ba. Sifaniyawa kuwa sun riƙe nasu har iri biyu, fuera da fuese, duk gadon Latin, sai dai ta farkon ta fi yawo a bakin mutane, musamman a Latin Amurka. Mu namu "da" ce gaba da baya: da na zo, da na gan shi.

Ranar da babban yayanmu ya rasu ina saurayi. An dawo daga maƙabarta, zaure cike, tabarmi har waje. Kawai na ji bakina ya ce, "Da an kai shi asibiti tun daren jiya, da bai mutu ba." Wurin ya yi tsit. Baffa ya tsayar da jan carbinsa, ya kama hannuna ya kai ni gindin darbejiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka san wa ya ce a bari gari ya waye? Mahaifiyarka ce, kuma zana ɗaya ce tsakaninku." Kakarki ta ji ni, 'yata. Kwana uku ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Baffa ya karanto mini hadisin da ke cewa "lau", wato "da" a Larabci, tana buɗe aikin Shaiɗan, a ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Ya ƙara da cewa iyayensu na faɗin da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Yanzu kuwa ko wankan gawa ba a yi ba, yaranmu sun cika Facebook da "da direba bai yi gudu ba", "da likita ya zo", ba sa tunanin wa zai karanta.

Ki tambayi malamarku asalin ojalá, wadda ake cewa ojalá viniera, ina ma ya zo. Daga Larabcin Andalus take, lau sha'a Allah, tun zaman Musulmi a ƙasar Sifaniya daga 711 zuwa 1492. Sannan ki riƙe quisiera da kyau, da ita suke roƙo cikin ladabi, kamar yadda kakarki ke cewa, "Da za ki ɗan miƙo mini butar nan." Ki yi aikin da aka ba ki. In kin zo hutu ki taho da littafin, ina son ganinsa.